Makarantar kuɗi ko ta gwamnati: wacce ta fi shirya yaro ga jami'a?

Maman Nana:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da 'ya'yansu suka riga suka shiga jami'a.

'Yata ta fari za ta gama ƙaramar sakandare ƙarshen wannan zangon. Tun tana firamare bakinta ɗaya, ita dai likita, in hakan bai samu ba to harhaɗa magunguna. Tana da ƙoƙari daidai gwargwado. Ba ita ke zuwa ta ɗaya ba, amma ba ta fita daga goman farko. Lissafi ne ke ɗan ba ta wahala.

Makarantu biyu ne a gabanmu. Ɗaya ta kuɗi ce, gini tsaf-tsaf, yara ba su wuce 25 a aji ba, ga kwamfutoci, kuma a bakin ƙofa sun kafa ƙaton allo ɗauke da hotunan waɗanda suka ci jarabawar fita bara. Ɗayar ta gwamnati ce, tsohuwa mai suna, a can ƙanwar babanta ta yi. Aji guda yakan kai mutum 70, amma an ce malaman kimiyyarsu sun daɗe a wurin kuma sun san aikinsu.

Babanta ya ce ta gwamnati, wai a can ake koyon tsayawa da ƙafa, kuɗin kuma a ajiye mata su don jami'a. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ina tsoron kar yarinya ta ɓace cikin taro, a yi shekara uku ba malamin da ya san sunanta. Ta kuɗin za mu iya, amma sai mun ɗaure ciki, ga ƙannenta a baya.

To wacce ta fi shirya yaro ga jami'a? Ba cin jarabawar fita kawai nake nufi ba, har ya shiga ya iya zama. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Malamin Sinadarai:

Wa alaikumus salam Maman Nana. Allah ya raya Nana da ƙannenta, ya cika mata buri.

Ni kemistiri nake koyarwa a jami'a, kuma galibi 'yan aji ɗaya ake haɗa ni da su, don haka duk abin da sakandare ta dafa a gabana ake saukewa. Zan faɗa miki abin da na karanta da abin da nake gani, ke kuma ki auna.

Shiga jami'a daban, zama a cikinta daban. Wajen shiga, 'yan makarantun kuɗi suna gaba, kuma ba a ƙasa ɗaya ba. A Ingila yaran da ke makarantun kuɗi kusan kashi 7 ne cikin 100, amma cikin 'yan ƙasar da jami'ar Oxford ke ɗauka a shekara, wajen kashi 30 daga can suke fitowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makarantar kuɗi da sakamako take talla, shi ya sa kika ga allon nan a bakin ƙofa. Za su sa yaro ya bi tambayoyin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya har ya san inda mai tambaya ke laɓewa. Kuma suna da wanda aikinsa ke nan, ya san ranar da ake rufe rajista da darussan da kowane kwas ke buƙata. Kar ki raina wannan na ƙarshen. Na sha ganin yaro mai kai ya rasa gurbin likitanci ba don ya faɗi ba, sai don ba wanda ya gaya masa tun yana aji huɗu cewa in ya ajiye fizik ya rufe wa kansa ƙofa.

Sai dai fa akwai abin tambaya: makarantar ce ta yi aikin, ko kuwa gidajen da yaran suka fito? Tsohuwar muhawara ce. A 1966 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, James Coleman, ya jagoranci bincike kan ɗalibai sama da 600,000, bisa umarnin majalisar dokokin ƙasar. Jama'a na zaton zai ce gini da kayan aiki ne ke raba makarantu. Sai ga shi ya ce gidan da yaro ya tashi, da irin yaran da yake zama da su a aji, sun fi waɗannan nauyi nesa ba kusa ba. Shi dai Coleman ɗin ya dawo a 1982 shi da abokan aikinsa, suka ce makarantun ɗariƙar Katolika, waɗanda na kuɗi ne, sun fi na gwamnati fitar da yara. Amma da suka zo bayyana dalili, abin da suka lissafa shi ne yawan aikin gida, tsawatarwa, da hana yaro gudu daga darussa masu wuya ya fake a masu sauƙi. Duk cikinsu ba wanda sai da kuɗi ake yi.

Akwai kuma jarabawar PISA da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ke yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama tun shekarar 2000, kan karatu da lissafi da kimiyya. In aka zube makin haka nan, 'yan makarantun kuɗi ne a sama. Da zarar an jera yaran da ƙarfin gidajensu da na abokan ajinsu ya zo ɗaya, sai tazarar ta ɓace a yawancin ƙasashen. A zagayen 2018 ma, bayan an yi wannan daidaitawa, 'yan gwamnati ne suka ɗan zarce a fannin karatu in aka haɗa ƙasashen ƙungiyar.

To bayan an shiga fa? Nan ne abin ya fi ja mini hankali. A 2014 hukumar da ke raba wa jami'o'in Ingila kuɗi a lokacin, HEFCE, ta bi sawun ɗalibai daga shigarsu har fitarsu. Cikin waɗanda suka shigo da makin B a darussa uku a jarabawar ƙarshen sakandare, kashi 70 na 'yan gwamnati sun fita da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, na makarantun kuɗi kuwa kashi 61. Maki iri ɗaya a ƙofar shiga, sakamako daban a ƙofar fita. Ba wai 'yan gwamnati sun fi kai ba ne. B ɗin wannan da taimakon ƙaramin aji da lesin da bita ya same ta, B ɗin wancan kuwa kusan da ƙarfinsa ya ƙwato ta. Da aka janye taimakon, aka bar kowa da halinsa, sai bambancin ya fito.

Jami'a kuwa janye taimako ce tun daga makon farko. Ba mai tashin yaro da asuba. Ba mai kiran uwarsa don bai zo lakca ba. Lakcara zai tsaya gaban mutum ɗari uku ya yi awa biyu yana magana, ya ambaci littafi, ya kwashe takardunsa ya fita. Abin da nake jira in ji kowace shekara, kuma ba ya wuce mako na uku, shi ne wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, daga wane shafi zuwa wane shafi za mu karanta?" Wannan tambayar ita ke nuna mini yaron da aka saba yanka wa karatu ƙanana ana miƙa masa. In na ce masa duk babin, sai ka ga ido ya raina fata.

Ga wani abu da na gani da idona. Ranar farko a ɗakin gwaje-gwaje mukan ba su aikin auna ƙarfin asid, ana ɗiga shi daga doguwar kwalbar nan mai famfo, wato buret, har launin ruwan da ke ƙasa ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, sai a karanta lamba a rubuta. Ina zagayawa na tsaya kan wata yarinya da ta shigo da A a kemistiri. Ba ta ko buɗe famfon ba, amma a littafinta ta riga ta ja jadawali ta cike lambobi uku reras, har ta fitar da matsakaicinsu. Na ce, "Ina kika samo waɗannan?" Ta dube ni ba alamar tana jin ta yi laifi, ta ce haka ake yi a makarantarsu, malami ke rubuta lambobin a allo su haddace. Da na ce ta riƙe buret ɗin, ba ta san da wane hannu ake murɗa famfon ba. Ɗakin gwaje-gwaje suna da shi, har hotonsa na cikin takardar tallar makarantar, amma a kulle yake sai ranar da iyaye za su zo. Daga makarantar kuɗi ta fito. Kuma don kar a ce na yi son kai, na benci na gaba da ita ɗan gwamnati ne, shi ma bai taɓa riƙewa ba, don su ko ɗakin ba su da shi. Bambancinsu ɗaya: shi ya san bai sani ba, ya tsaya yana leƙen hannun na kusa da shi.

Saboda haka ni ban cika damuwa da abin da aka rubuta a allon ƙofa ba. Da ni ne, makarantun biyu zan je in nemi a nuna mini littafin lissafin wani yaro, ba wanda shugaban makaranta ya zaɓo ba. In na ga jan biro ya bi layi-layi, an zagaye inda yaro ya kauce an rubuta masa gyara, to akwai malami a wurin. In kuwa shafi biyar ne aka ja wa dogon layi ɗaya aka sa hannu a ƙasa, ko ginin da gilashi aka yi shi ba ruwana. Zan tambayi shekarar malamin lissafi nawa a makarantar. Zan kuma tambayi yara nawa suka faɗi bara. Makarantar da ta ce miki ba wanda ya taɓa faɗuwa a wurinta, ki riƙe jakarki da kyau.

Ɗan Bencin Baya:

Allah gafarta Malam, na karanta bayaninka har ƙarshe kuma na ƙaru. Amma da ɗan gyara, a yi mini afuwa.

Malam, 'yan gwamnatin da kake gani a ajinka su ne waɗanda suka tsira. Ba ka ga sauran ba, don ba su iso gabanka ba. Ni a ta gwamnati na yi, yanzu ina aji uku a injiniyanci. Ajinmu na sakandare cike yake maƙil, wasu a kan taga suke zama, amma waɗanda muka shiga jami'a da yatsun hannu za ka ƙirga mu. Akwai wanda muke zama benci ɗaya, wallahi ya fi ni lissafi, a kai yake yin abin da ni sai na ɗauki biro. Muka shiga aji biyar aka yi wa malamin fizik canjin wurin aiki, ba a kawo wani ba har muka kusa fita. Ni na ci sa'a yayana ya yi kimiyya, shi ke zaunar da ni da daddare. Shi abokin nawa ba shi da kowa. Yanzu ba ya karatu.

To in aka ce ta gwamnati na koya wa yaro tsayawa da ƙafarsa, gaskiya ne, amma ga wanda bai faɗi ba. Kuma Ingilar da Malam ya kawo misali, ai makarantar gwamnatinsu malami na shiga aji, akwai littattafai, akwai kayan gwaji. Ba ko'ina haka yake ba.

Anti, ni dai shawarata kar ki bi suna. Tsohuwar makaranta takan ci gaba da cin sunan da ta yi shekaru talatin baya. Ki samu yaran da ke ciki yanzu, ba waɗanda suka gama tun tuni ba, ki tambaye su sau nawa malamin fizik ya shigo a makon jiya.

Abu ɗaya da zan yarda da Baban Nana a kai: da muka shigo jami'a, cunkoso da rashin kulawa ba su girgiza ni ba ko kaɗan, na saba. Abokan ɗakina biyu daga makarantar kwana ta kuɗi suka zo, inda ƙararrawa ke gaya musu lokacin karatu da na barci. Ɗaya ya gane da wuri. Ɗayan zangon farko kaf a barci da waya ya ƙare, har yau yana jan kwasa-kwasan aji ɗaya. Amma fa Turancinsu ya fi nawa, kuma sun iya kwamfuta tun kafin su zo. Ni sai da na yi wata biyu ina jin kunyar yin tambaya a lakca don kar a yi mini dariya.

Malama Uwar Aji:

Sannunku. Ni a makarantar kuɗi nake koyar da bayoloji, bari in faɗi namu daga ciki.

Abin da muka fi ta gwamnati shi ne tsoro. In ban shiga aji ba yau, gobe mai makaranta ya ji, jibi an sallame ni. Yaro ya yi fashi kwana biyu, sai na kira gidansu. Nana ba za ta ɓace a wurinmu ba, wannan kam na tabbatar miki, 'yar'uwa.

Amma tsoron nan kaifi biyu gare shi. Uban da ya biya kuɗi ba ya son ganin ja a katin ɗansa. Na taɓa ba yaro makin da ya cancanta, washegari uwarsa ta zo ofis ta ce in ba a gyara ba za ta kwashe 'ya'yanta uku. Aka kira ni aka ce in "sake dubawa". Kin san ma'anar wannan. Irin yaran nan ne ke isa wurin Malam da A a takarda. Sannan malamai ba sa zama. Albashin bai taka kara ya karya ba a yawancinsu, duk wanda ya samu abin da ya fi sai ya tafi, aji guda ya ga malaman lissafi uku a shekara, kowa ya zo ya fara daga inda ya ga dama. Ƙwararrun da suka yi karatun koyarwa da yawansu suna gwamnati, don can ne ake da fansho.

Kuma a daina yi wa makarantun kuɗi kuɗin goro. Akwai wadda ta fi wasu jami'o'i kayan aiki, akwai kuma gidan haya mai ɗaki shida da aka rataya wa allo. Sunan ne kawai ɗaya.

Malamin Sinadarai:

Ɗan Bencin Baya, Allah ya yi maka albarka, maganarka tana kan hanya. Abin da ka faɗa shi ne ainihin ciwon kan masu bincike a wannan fage: yaran da ake kwatantawa tun asali ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda suka shiga ta kuɗi iyayensu ne suka zaɓa suka biya, waɗanda suka iso jami'a daga ta gwamnati kuma wahala ce ta tace su. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce inda aka raba gurbi da ƙuri'a, don ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba. An yi hakan a wurare, kuma amsar ba ta zo iri ɗaya ba.

A Kolombiya, daga 1991, gwamnati ta ba yaran unguwannin talakawa sama da 125,000 tallafin shiga sakandaren kuɗi, kuma inda masu nema suka fi gurbi yawa sai a jefa ƙuri'a. Da aka bi su, waɗanda suka ci ƙuri'ar sun fi waɗanda ba su ci ba ƙarancin maimaita aji, sun kuma fi su kammala sakandare. Sai dai tallafin da sharaɗi yake: ka faɗi a janye. To wani ɓangare na nasarar daga yaron ne da ya san abin da zai rasa. A jihar Luwiziyana ta Amurka kuwa, da aka faɗaɗa irin wannan shiri a 2012, abin ya juye. Waɗanda ƙuri'a ta kai makarantun kuɗi sun koma baya sosai a lissafi a shekarar farko, in aka gwada su da waɗanda suka zauna a ta gwamnati. Da aka duba, yawancin makarantun da suka buɗe ƙofa ga shirin masu araha ne da ɗalibai ke ta raguwa a cikinsu tun kafin nan. Ga maganar Malama ta gidan haya mai allo ta fito. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya an yi a matakin firamare: bayan shekara huɗu ba wani bambanci a lissafi da harshen Telugu tsakanin waɗanda suka koma ta kuɗi da waɗanda suka zauna. Malaman ta kuɗin ba su kai na gwamnati takardu da albashi ba, amma sun fi su zuwa aiki, kuma abin da ake kashewa kan kowane yaro bai kai sulusin na gwamnati ba.

Batun suna ma da ka taɓo, an gwada shi. A biranen Boston da New York na Amurka akwai makarantun gwamnati na 'yan ƙwarai da sai an ci jarabawa ake shiga. Aka ɗauki yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar, aka jera su da waɗanda maki ɗaya ko biyu ya hana. Bayan shekaru, makinsu kusan ɗaya. An samu makamancin haka a manyan sakandaren ƙasa na Kenya. Wato yawancin sunan da makaranta ke yi, daga yaran da take ɗauka ne, ba daga abin da take ƙara musu ba. Shi ya sa allon hotunan nan na bakin ƙofa bai gaya mini komai. Ban san yadda yaran suke ranar da suka shigo ba, ban kuma san nawa aka ce wa iyayensu su kai su wani wuri su yi jarabawar don kar su ɓata wa makaranta lissafi ba.

Maman Nana, ba zan bar ki da "ya danganta" ba, ga ra'ayina. Abin da ya fi damuna a bayaninki ba yawan 'yan aji ba ne, lissafin nan ne. Yaran da ke faɗuwa kemistirin aji ɗaya a hannuna, akasarinsu ba kemistiri ke kayar da su ba. Juya lissafi ne, a ce ga abu kaza a nemo kaza, da logaridim, da ƙananan lambobi masu ɗigo. Yarinyar da ke son likitanci ko harhaɗa magunguna ba ta da hanyar kauce musu, don awon magani kansa lissafi ne. Kuma raunin lissafi ba ya warkewa a cikin taro, ko na mutum 70 ko na 25. Sai wani ya zauna da ita ya gano daidai inda zaren ya tsinke, wataƙila tun aji biyu.

Don haka in kika bincika kika tarar malaman kimiyyar ta gwamnatin da gaske suna shiga aji, kuma ana taɓa kayan gwaji, ni zan kai ta can, in ɗebi wani abu daga kuɗin da aka rage in ɗaukar mata malamin lissafi a gida, wanda zai sa ta yi da hannunta ba ya yi mata ba. Sauran a ajiye, karatun likita dogo ne, ga ƙanne. In kuwa kika tarar da abin da Ɗan Bencin Baya ya ba da labari, aji ba malami wata da watanni, to ku ɗaure cikin ku biya ta kuɗin, tsayawa da ƙafa ba ta maye gurbin fizik ɗin da ba a koyar ba. Sai dai a can aikinki ya zama na ja da baya kaɗan-kaɗan: ta tsara lokacin karatunta da kanta, ta karanta babin da ba a kai ba, in ta samu ja a kati kar ki je ofis.

Nana kuma a tambaye ta. Yarinyar da ke iya ɗaga hannu cikin mutum 70 ta ce ba ta gane ba, daban take da wadda za ta yi shiru har shekara ta ƙare. Ke kika san wacce ce taki.

Maman Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babanta duka, ya ce Malam ya goyi bayansa, na ce a'a, da sharaɗi ya faɗa. Gaskiya Nana mai shiru ce, ko a gida sai an tambaye ta. Wannan ya ƙara mini tunani.

Za mu je makarantun biyu. Ta kuɗin sun ce mu zo ranar Asabar akwai taron iyaye, za a zagaya da mu ko'ina. Ya isa, ko in sake neman wata rana?

Malama Uwar Aji:

Ki je ta Asabar ɗin ki sha jawabi, amma kar ki yanke hukunci da ita. Mu muke share ɗakin gwajin ranar Juma'a mu jera kwalabe. Ki koma ranar Talata ko Laraba bayan an dawo daga tara, ba tare da kin sanar ba, ki ce kina son leƙa 'yan aji biyar. Ba 'yan aji shida ba, su kowa na kansu saboda jarabawa. Ki duba jadawalin da ke manne a bango, ki ga ko darasin da aka rubuta shi ake yi a lokacin. Ta gwamnatin ma haka, rana ɗaya in da hali. Kuma ki tafi da Nana, yara sun fi sakin baki da 'yar'uwarsu, a minti biyar za su gaya mata malamin da ke zuwa da wanda sai dai a ba shugaban aji littafi ya kwafa musu a allo.